Malam, Yi Tambaya Kafin Ka Ɗauki Bulala

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in kawo muku wata magana wadda ta dame ni tun da muka komo daga gwajin koyarwa. A ganina yawancin rigimar da ke tsakaninmu da yara ba ta taurin kai ba ce, ta rashin fahimtar juna ce.

Ga abin da ya faru gare ni a wata makarantar firamare a nan cikin garin Gombe. Na umurci wani yaro na aji biyu ya share allo. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Na sake faɗa da tsawa, bai motsa ba. Har na miƙa hannu ga bulala, sai wata yarinya ta ce, "Malam, baƙo ne, Fillanci kaɗai ya ke ji." Kunya ta kama ni ƙwarai. Ashe sunkuyawar da na ɗauka raini ce, ladabin gidansu ne.

To, mu tuna inda mu ke. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 jama'a ke ta kwararowa. A aji guda za ka tarar da mai jin Fillanci, da Tangale, da Tera, da Waja, da Bolanci. Malamin da ya zaci kowa ya gane maganarsa, zai doki marasa laifi da yawa.

Na san waɗansu za su ce, ai icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam. A 2016 waɗansu masana biyu a Amurka, Gershoff da Grogan-Kaylor, sun tattara binciken da aka yi a kan yara fiye da 160,000. Suka tarar yaran da a ke duka sun fi yawan faɗa da rashin ji. Bulala ta kan kawo shiru na yini ɗaya, ba ta kawo haɗin kai.

Me za mu yi ke nan? Da fari, ka kira yaro da sunansa, ka matso kusa, ka rage murya. Na biyu, ka ba da umurni ɗaya gajere, sa'an nan ka sa ya maimaita, don ka tabbata ya gane. Na uku, in biyu sun yi faɗa, ka ji ta bakin kowanne kafin ka yanke hukunci. Na huɗu, ka tsauta wa aikin da ya yi, kada ka zagi shi kansa. "Ba ka gama lissafinka ba" ta kan gyara yaro, amma "kai daƙiƙi ne" sai ta kashe masa zuciya.

Wannan ba sakaci ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ba yaro hakkin a saurare shi. Yaron nan kuwa, da na koyi gaisuwar Fillanci na gaishe shi, shi ke riga kowa share allo. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Mu gwada mu gani.