Kada a Kulle Rumbu Don An Sauya Tiya

Ɗalibin da ya je Tarka a ƙasar Damargu ya naɗo tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi, ya dawo Damagaram ya rubuta su, da sauran aiki a gabansa. Sai ya ƙirga kalmomi, ya jera su bisa haruffa, ya ware masu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ƙananan manhajojin kwamfuta ne ke yin wannan, kuma kowace tana ɗibar kayan aiki daga wani rumbun tarayya, wato tarin umarnin da wasu masana suka rubuta suka ajiye domin amfanin kowa. A ganina wajibi ne masu kula da waɗannan rumbuna su riƙa karɓar tsohuwar ƙa'ida da sabuwa tare, mu kuma manazarta harshe mu san cewa maganar ta shafe mu.

Harsunan rubuta manhaja ma suna da daidaitacciyar ƙa'ida, kuma takan sauya. A shekarar 2008 aka fito da Python 3, aka daina kula da Python 2 ranar 1 ga Janairun 2020. A tsohuwar, idan ka tambayi tsawon kalmar "ƙasa" ba tare da wata alama ta musamman ba, amsar 5 ce, domin ƙ tana cin gurbi biyu a tsarin UTF-8. A sabuwar amsar 4 ce. Haka harshen C++, wanda ake sabunta ƙa'idarsa duk shekara uku tun 2011: ƙa'idar 2020 ta sauya nau'in rubutun da ke ɗauke da alamar u8, har wasu manhajojin da ke aiki a kan ta 2017 suka ƙi haɗuwa. Haruffanmu masu ƙugiya suna cikin waɗanda irin wannan sauyi ke fara taɓawa.

Mu ba baƙin wannan matsala ba ne. Tun taron Bamako na 1966 ake neman daidaita rubutun Hausa, amma har yau Nijar na rubuta "ƴaƴa", Najeriya na rubuta "'ya'ya". Ƙamus ɗin da ya san ɗaya kawai ya yi asarar masu neman ɗayar.

Za a ce masu kula da rumbunan nan yawanci ƴan sa-kai ne, riƙe ƙa'ida biyu yana ninka musu aikin gwaji, tsohuwa kuma takan bar kafa ga masu kutse. Gaskiya ne. Sai dai a duba wanda zai biya kuɗin gaggawar. Malamin da ke Tanut ko Belbeji da kwamfuta ta hannu, ga tsadar intanet, ba ya iya sabunta komai duk lokacin da aka sanar da sabon bugu. In rumbu ya daina gane tsohuwar ƙa'ida dare ɗaya, aikinsa na shekaru ya tsaya. Kuma gada tana ginuwa: ƙaramin rumbun da ake kira six, wato biyu sau uku, ya ba manhaja ɗaya damar aiki a kan Python 2 da 3 tsawon shekaru.

Saboda haka abu uku nake nema. Masu rumbu su gwada aikinsu a kan kowace ƙa'ida da suka ce suna karɓa, da kalmomi masu ƙugiya a cikin gwajin, su kuma sanar da ranar barin tsohuwa tun da wuri. Malamanmu su sa ɗalibi ya rubuta bugun manhajar da ya yi amfani da shi a kundinsa. Mu ɗalibai kuwa mu ajiye matanin da muka tattara a rubutu zalla na UTF-8, dabam da manhajar. Manhaja in ta lalace ana sake rubuta ta. Tsohuwar da ta ba ka tatsuniya a Tarka, mai yiwuwa ba za ka sake samun ta ba.