Jiƙa Abincin Kaji da Aladu Yana Rage Asara

Duk wanda ke kiwon kaji ko aladu ya san cewa abinci ne ke cinye mafi yawan jarinsa, sau da yawa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. A shekarun 2023 da 2024, lokacin da masara da waken soya suka yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa sun rufe ɗakunan kajinsu. A cikinsu akwai gwauraye da iyayenmu mata waɗanda kajin Kirsimeti ne ke biya musu kuɗin makarantar yara. Shawarata ita ce mu koma ga abin da kowace uwa ta sani: yadda ake jiƙa gero ya yi tsami kafin a dama koko.

Idan aka jiƙa dusa ko tsaki kwana biyu zuwa uku, waɗansu ƙananan halittu masu amfani, irin waɗanda ke sa nono ya zama kindirmo, suna yaɗuwa a ciki. Tsamin da suke kawowa yana hana ƙwayoyin cutar gudawa ƙarfi a cikin hanjin dabba. Yana kuma saki sinadaran da ke kulle a cikin hatsi, musamman wanda ke gina ƙashi, yana rage ɗacin jar dawa, har ma da dafin ɓawon rogo. Ga shi kaza ba ta iya watsa jiƙaƙƙen abinci a ƙasa kamar yadda take yi da busasshe. Mudu ɗaya ne dai, amma abin da ya shiga jikin dabba ya ƙaru.

Masu kai aladu kasuwar Katsit kusa da Kafanchan ba baƙi ba ne a wannan harka, domin sun daɗe suna ba aladu jiƙaƙƙiyar dusa. Abin da ya rage shi ne tsabta da tsari. A samu bokitin roba uku, ba na ƙarfe ba, gama tsami yana cin ƙarfe. A zuba abincin, a sa ruwa mai tsabta ya rufe shi sarai, a ɗora murfi ba tare da an toshe ba, a riƙa juyawa kullum. Yau a buɗe na ɗaya, gobe na biyu, jibi na uku. Da zafi kwana biyu ya isa, da hunturu a bari ya kai uku. A ba dabba abin da za ta cinye nan take, sa'an nan a wanke kwanon.

Amma fa a yi hattara. Ƙanshin kamu ake nema. In aka ji ɗoyi ko aka ga fumfuna, a zubar, kada a ji ƙyashi. Masarar da ta riga ta ruɓe a rumbu, jiƙo ba ya warkar da ita. Haka kuma jiƙo ba ya maye gurbin allurar rigakafi irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi.

Ina roƙon shugabannin zumuntar mata da na matasa su ware rana guda a koya wa juna wannan aiki. A fara da kaji goma, a gwada su da sauran har wata guda, ido ya zama shaida. Allah ya sa albarka a kiwonmu.