A Fito Da Da'ira Daga Kan Allo

'Yan'uwa ɗalibai, wannan makon za mu yi magana a kan darasin da ke ba 'yan aji biyu da aji uku tsoro, wato lissafin da'ira da zobe da silinda. Ra'ayinmu shi ne haddar ƙa'ida kaɗai ba ta isa ba. Muna roƙon a riƙa ba mu zare da gwangwani da rula mu auna da hannunmu, ko da sau ɗaya ne a mako.

Kowa zai iya rera "fai sau radiyas sau radiyas" kamar waƙa. Amma idan aka tambayi ɗalibi daga ina 22/7 ta fito, sai ya sunkuyar da kai. Alhali amsar tana jikin gwangwanin madara. A zagaye shi da zare, a auna tsawon zaren, sannan a raba da faɗin bakin gwangwanin. Za a samu uku da ɗan ɗori. A gwada da murfin tukunya ko tayar keke, amsar ba za ta yi nisa da haka ba. Wannan uku da ɗan ɗorin shi ne fai. Wani masanin lissafi Bagirke mai suna Arkimidis ya nuna cewa fai ya ɗan gaza 22/7 kaɗan, fiye da shekara 2,200 da suka wuce, kuma ba shi da kalkuleta.

Ita ma ƙa'idar fili ana iya ganinta da ido. A yanki da'ira a jikin kwali, a tsaga ta gida 16 kamar yankan kankana, a jera yankunan ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa. Za su koma kusan siffar ƙofa. Tsawonta rabin kewayen da'irar ne, faɗinta kuma radiyas, wato nisan tsakiya zuwa baki. A ninka su, sai ga ƙa'idar ta fito da kanta. Wanda ya yanka da almakashi zai daɗe bai manta ba.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan idan ba don jarrabawa ba? To, mu duba faifai. Faifan da radiyas ɗinsa santimita 7 ne, filinsa murabba'in santimita 154 ne. Mai santimita 14 kuwa filinsa 616 ne. Faɗi ya ninka sau biyu, amma fili ya ninka sau huɗu. Idan mai saƙar faifai ta sayar da babban a kan kuɗin ƙanana biyu, ta yi aikin huɗu ta karɓi ladan biyu. Da yawa daga iyayenmu mata da kakanninmu suna wannan sana'a, saboda haka ba maganar takarda ba ce kawai.

Sai zobe. A ce za a yi daɓen siminti kewaye da rijiya. Radiyas ɗin bakin rijiyar mita 0.7 ne, daɓen kuma zai kai mita 2.1 daga tsakiya. Filin babbar da'ira murabba'in mita 13.86 ne, na ƙaramar 1.54. Idan aka cire ƙaramar daga babbar, saura 12.32, shi ne filin daɓen. Amma mai hadda zai iya fara cire 0.7 daga 2.1, ya samu 1.4, ya zuba a ƙa'ida, ya fito da 6.16. Rabi ke nan daidai! A takardar jarrabawa maki ne ya tafi. A bakin rijiya kuwa siminti ne zai ƙare ana tsakiyar aiki. Wanda ya taɓa zana da'ira biyu a ƙasa da igiya da ƙusa ya san cewa ramin tsakiya ake cirewa.

Haka silinda take. Duron ruwa mai radiyas santimita 28 da tsayi santimita 80, filin gindinsa 2,464 ne. A ninka da tsayi, a samu 197,120, a raba da 1,000, ya ba da kusan lita 197. Wanda ya iya wannan zai san jarka nawa za ta cika duron gidansu kafin a kira mai ruwa. Zai kuma san cewa gajeren bokiti mai faɗi yana iya fin dogo siriri ɗaukar ruwa, ko da ido ya ce ba haka ba.

Mun san malamanmu suna da uzuri. Aji ya cika, lokaci kaɗan ne, ga manhaja da dole a gama kafin jarrabawa. Ba laifin kowa muke gani ba. Amma abin da muke nema ba ya cin kuɗi. Gwangwani da kwali da zare akwai su a kowane gida, mu za mu kawo. Za a iya raba mu rukuni-rukuni a ƙarƙashin bishiya, kowane rukuni da abin da zai auna. Minti 40 da aka yi ana awo ya fi mako guda ana maimaita abin da ba a gane ba. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta da malaman lissafi, cikin girmamawa, su ware mana darasi ɗaya na awo a wannan zangon. Ku kuma 'yan'uwa, kada ku jira. Yau idan kun koma gida, ku auna murfin tukunya ku raba kewaye da faɗi. Ku rubuta amsarku da ajinku a takarda ku ba 'yan kulob, za mu liƙa su a nan ranar Litinin mu ga wane aji ne ya fi kusa da 3.14.