Turbar Dutse Da Zangon Baƙi Dukiyarmu Ce

'Yan'uwa manoma, akwai wani irin baƙo da ke zuwa da rani wanda yawancinmu ba mu gane abin da ya kawo shi ba. Ba fatauci ya zo yi ba, ba kuwa farauta ba. Yakan bar mota a gari, ya saɓa jaka, ya yi kwana da kwanaki yana hawan dutse da ƙafa, dare ya yi ya kafa tanti a daji. Waɗansu dariya suke yi masa, wai ƙoshi ne ya yi masa yawa. Ni kuwa na ce turbar da yake bi da zangon da yake kwana dukiya ce, ya kuma kamata ƙungiyoyinmu na gama kai su sa hannu a kansu tun lokaci bai ƙure ba.

Bari mu ɗauki misalin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa Jihar Taraba da ta Adamawa a kan iyakarmu da Kamaru. A 1991 ne Gwamnatin Tarayya ta haɗa gandun Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000, watau duk Nijeriya ba gandun da ya kai shi girma. Babban ofishinsa yana Serti. A nan ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419. Ba dutsen da ya kai shi a ƙasar nan. Cikin kurmin akwai ɓauna da damisa, da kuma babban birin nan da ake kira cimfanzi, wanda masana suka soma nazarinsa a Kwano tun shekarar 2000. Wanda zai hau Gangirwal tilas ya yi kwanaki a ƙafa, ko ta gefen Gashaka ya bi, ko ta gefen Mambila. Ba zai iya shi kaɗai ba. Yana bukatar ja-gora, da 'yan dako, da abinci, da wurin kwana kusa da ruwa.

To, yaushe ne baƙin nan suke zuwa? Daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka janye, turba ta bushe. Lokacin ne kuwa amfanin gona ya riga ya shiga rumbu, samarinmu suna ɗaura kaya su tafi cin rani birni. Aikin da zai riƙe saurayi a gida da rani, ya kuma sa masa kuɗin taki a aljihu kafin ruwa ya sauka, ba abin rainawa ba ne.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce gandun ya hana su saran sabuwar gona da farauta, gwaggon biri yana cinye musu masara, baƙin kuma ba su da yawa. Duk gaskiya ne. Kuɗin dako ba zai maye gurbin noma ba, kada kowa ya sayar da garmarsa saboda shi. Amma mu dubi ɗaya gefen. Ruwan da ke sauka a duwatsun nan shi ke cika Kogin Taraba, Taraba kuwa ya zuba a Binuwai. Itatuwan da ke gangaren dutse su ke riƙe ruwan damina, su riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har rani. In aka sare su, ko wuta ta cinye su, ruwa zai sauko gaba ɗaya a watan Agusta ya share ƙasar gona, a watan Fabrairu kuwa mai lambu a fadama ya rasa na ban ruwa. Ko baƙo bai taɓa zuwa ba, dutsen yana yi mana aiki.

Mun kuma ga abin da saurin neman kuɗi yake jawowa. 'Yan shekarun baya an yi ta saran madobiya a Taraba, wadda 'yan katako suke kira Madrid, ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ba a fataucinsu ƙetare sai da izini na musamman. Itacen da aka sare sau ɗaya ake sayar da shi. Turbar da aka kiyaye kuwa kowane rani tana kawo wani abu.

Ga abin da nake ganin ƙungiya za ta iya yi.

Na fari, batun dako. A dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, doka ta hana a ɗora wa ɗan dako kayan baƙo fiye da kilo 20, ana kuwa auna kayan a bakin ƙofa. Ƙungiyoyinmu da yawa suna da sikelin awon hatsi. A yi amfani da shi. A yanke ladan yini ɗaya a gaban shaidu kafin a tashi, a rubuta sunaye cikin littafi, a riƙa tafiya bi da bi don kada 'ya'yan masu faɗa a ji su kwashe duka. Kada a bar yaro ya hau ba takalmi, ba bargo, gama sanyin dare a bisa mita 2,000 ba irin na gida ba ne. In kowa ya je shi kaɗai yana rage wa ɗan'uwansa farashi, baƙo ne zai ci riba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, batun zango. A tsai da wurare sanannu, kada kowane ayari ya share sabon fili. A manyan dazuzzukan Amurka ana koya wa matafiya su kafa tanti aƙalla taku 70 daga bakin ruwa, su kuma binne bayan gida cikin rami mai zurfin kamar taƙi ɗaya. Dalilin a fili yake, gama ruwan da aka ɓata a bisa, mutanen ƙauyen da ke ƙasa su za su sha. A dafa abinci da busasshen itacen da ya faɗi. A kashe wuta da ruwa, a taɓa tokar da hannu kafin a tashi. Gwangwani da leda da batir a sauko da su.

Na uku, gyaran turba. Turbar da ta miƙe sak a gangare takan zama hanyar ruwa, cikin 'yan damuna kaɗan ta zama kwazazzabo. A karkata ta hagu da dama, a gitta dutse ko gungume nan da can don ruwa ya kauce. Wannan aikin gayya ne na kwana biyu bayan ɗaukewar ruwa, dabarar kuwa ita ce wadda muke yi a gonar tudu.

Na huɗu, abinci. Ƙwai, zuma, ayaba, dankali da gyaɗa, duk ana iya sayensu a ƙauye maimakon a ɗauko daga Jalingo. Wannan rabon mata ne, a bar musu cinikin a hannunsu. A kuma cire wani abu daga kowace tafiya a sa a asusun ƙungiya.

Na ƙarshe, kada a yi kome a ɓoye. Gandun yana ƙarƙashin doka, baƙo ba ya shiga sai da izini. Tun 2017 wata ƙungiya mai suna Africa Nature Investors take taya hukumar gandun aikin tsaro bisa yarjejeniyar shekara 30. Shugabannin ƙungiya su je ofishin gandun tare da dagaci, su faɗi abin da za su iya, su kuma faɗi ɓarnar da namun daji suke yi musu. An fi sauraron jama'a da littafinsu a hannu a kan mutum ɗaya mai gunaguni. Kada a manta da makiyayan da ke zaune a bisa tsaunukan, gama sun san kowane rafi, turbar kuma tasu ce kamar yadda take tamu.

Maganar ba ta mutanen Gashaka kaɗai ba ce. Masu zama gindin duwatsun Shere kusa da Jos, da na Kagoro, da na Mandara, su ma su yi tunani. A taronku na wata mai zuwa ku sa wannan batu cikin abin da za ku tattauna. Ku ƙirga samari nawa suka san hanyar dutse, ku zaɓi mutum biyu da za su je wurin hukuma kafin kaka ta wuce.