Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Hayaƙin Gidajen Abinci a Mushin

Zuwa ga shugabannin Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Legas, wato LASEPA, da na Ƙaramar Hukumar Mushin.

Wannan wasiƙa na jawo hankalinku ga hayaƙin da ke tashi daga gidajen abinci da tukubar masu tsire a Idi-Araba, unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, da ma Agege. Binciken da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi ajalin mutum kusan 11,200 a Legas a 2018, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ko da yake motoci da masana'antu da janareto ne kan gaba, hayaƙin girki na tashi ne daidai inda jama'a ke kwana.

Maganin da ake yawan ambata shi ne matacin sarrafaffen gawayi, wato gawayin itace ko na ɓawon kwakwa da aka ratsa da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ƙananan ramuka, ta yadda faɗin cikin giram ɗaya kan wuce murabba'in mita 500. A bangon ramukan nan ƙauri da wasu iskoki masu guba ke maƙalewa. Sai dai gawayin ba ya tare ƙananan ƙwayoyin toka da ke kutsawa huhu yadda ya kamata, ba ya riƙe iskar kabon monoksayid, kuma maiƙon kitse kan toshe shi da wuri, saboda haka wajibi ne hayaƙi ya fara bi ta matacin ƙarfe mai tare maiƙo, sannan na ƙura, kafin ya isa gawayin, wanda shi ma sai ana sauya shi.

Shawara ita ce a wajabta wannan tsari ga manyan gidajen abinci masu bututu da fanka, a riƙa duba ranar da suka sauya gawayin. Mai tsire da mai tuwo a bakin titi kuwa, tilasta musu na'urar da ke buƙatar tsayayyar wutar lantarki ba zai haifar da komai ba sai tara da cin hanci. Abin da ya dace da su shi ne rumfar gashi ta haɗin gwiwa mai dogon bututu, da rangwamen tukunyar gas ga masu dafuwa, a tsara su tare da Sarkin Hausawa da shugabannin mahauta. Gawayin kansa ana iya sarrafa shi daga ɓawon kwakwar Badagry, maimakon a shigo da shi da dala.