Kada A Raba Tsoho Da Ɗakinsa

Ya kai mai karatu, a Amurka akwai shirin gwamnati, Medicaid, da ke biyan masu zuwa gida su yi wa tsofaffi da naƙasassu wanka, su ba su abinci. A 2017 majalisar dattawa ta so rage kuɗinsa, sai naƙasassu suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin Sanata Mitch McConnell, har 'yan sanda suka ciccibe wasu daga kekunansu. Dokar ta faɗi, amma a 2025 an zartar da wani ragin. Wallahi suna da gaskiya. In kuɗin ya yanke, sai gidan gajiyayyu. To kai fa, za ka yarda a raba kakarka da ɗakinta?