Wa Ya Ce Katun Na Yara Ne?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar an ga mutum da gemunsa ya tsura wa Tom and Jerry ido yana ƙyalƙyala dariya, ko ya riƙe littafin zane na Spider-Man, sai ka ji an ce, "Wane dai har yau bai girma ba." Abin haushin, masu faɗin haka su ne za su share awa uku suna kallon saurayi da budurwa na zagaya bishiya suna waƙa, wai su nan kallon manya suke yi.

To, bari mu yi ta a fili. Lokacin da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro muzurun nan da ɓeransa a kamfanin MGM cikin 1940, a silima ake nuna su kafin a sa babban fim, magidanta na zaune sun biya kuɗinsu. Guda 114 suka yi zuwa 1958, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Bakwai fa!

Mai karatu, don Allah nemi The Cat Concerto na 1947 ka kalla. Tom ya sha kwat yana kaɗa fiyano a gaban jama'a, ashe Jerry na barci a cikin fiyanon, kiɗan ya tashe shi. Minti bakwai ne da ɗan wani abu, ba wanda ya ce uffan, amma girman kai, ramuwar gayya da jin kunya duk kana karanta su a fuska da yatsu. Kuma da hannu aka zana kowane motsi, aka daidaita shi da kiɗan. Ina ma daraktocinmu za su zauna su yi nazarinsa, su da ke ajiye mutum biyu a kan kujera minti goma suna maimaita mana abin da muka riga muka gani. Shi kuwa Jerry, in ka duba, Gizo ne sak: ƙarami, mai wayo, ba kullum yake da gaskiya ba. Wa ya taɓa cewa kakar da ke ba da tatsuniyar Gizo ba ta girma ba?

Haka littattafan jarumai. Spider-Man da Stan Lee da Steve Ditko suka fitar a 1962 maraya ne, Peter Parker, a hannun baffansa Ben ya tashi. Ya samu ƙarfi, ɓarawo ya gifta ta gabansa, ya ce ba ruwansa. Wannan ɓarawon ne ya kashe baffan. Daga nan yaro ya shiga fama da nadama, ga matar baffa ba lafiya, ga rashin kuɗi, yana sayar da hotuna ga editan da kullum zagin Spider-Man yake a jarida. Wane littafin soyayya ne ya fi wannan ɗaci?

In suka ake so a yi, ga inda ya kamata a dosa. A tsofaffin Tom and Jerry akwai wata baƙar mata da yawanci ƙafafunta kawai ake nunawa, an ba ta magana irin ta izgili ga baƙaƙen Amurka. Sai bayan 1952 aka daina sa ta, bayan an sha ƙorafi. Ban taɓa jin ɗaya daga cikin masu yi mana gorin ƙuruciya ya ko ambace ta ba.